Ɗan Fari a Shekarar Fari

Bana ruwa ya ɗauke mana a tsakiyar damina. Gero ya kai gwiwa ya tsaya, ganyensa ya nannaɗe, in iskar rana ta biyo ta gonakin bayan gari sai ka ji wani ƙauri kamar an manta tukunya a wuta babu ruwa. Yaran gidan nan ba sa jin sa. Ni kuwa yana shiga hancina abinci ya fita raina. Ina zaune a ƙofar ɗaki ina fama da wannan sai matar jikana ta leƙo ta taga tana ƙwala wa ɗanta na fari kira, da sunansa na yanka, duk unguwa na ji, wai ya zo ya sha shayi. Ya zo da gudu, ta ɗaga shi sama ta sumbace shi a gabana, ko a jikinta. Na ce, "Ke dai ranar rabon kunya barci kike yi." Ta yi dariya, ni ma na yi. Amma abin da ya taso mini haushi ne, kuma ba ita nake jin haushi ba.

Ni 'yar Farin Dutse ce ta ƙasar Gwaram, aure ya kawo ni Wurno, nan kusa da Birnin Kudu. Fulanin gida ne mu, Fulatanci ya bar bakinmu tun zamanin kakanni, shanu 'yan kaɗan, noma shi ne babba. Harshe ya tafi, kunya kuwa ta zauna daram. A wurinmu mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba ta yi masa wasa, ba ta ɗora shi a cinya a gaban mutane, in ya faɗi ya fasa gwiwa sai ta kau da kai ta jira wata ta ɗauke shi. Ana yaye nawa aka kai shi ɗakin Inna, uwar mijina, can yake kwana can yake ci. Ni Adda yake ce mini, kamar wata yayarsa. In zan kira shi sai in ce "kai", in wani ya tambaye ni shi sai in ce "ɗan Inna". Ita kuwa Inna safe da yamma bakinta na kansa: Yunusa zo, Yunusa tafi, Yunusa mijina mai rowar cefane.

Shekarar da nake magana ita ce wadda aka canja kuɗi, fam da sule suka koma naira da kwabo. Rediyon mai shagon bakin hanya kullum cewa yake ƙasa ta yi arzikin mai. Mu dai man da muka gani shi ne kananzir a kwalba, shi ma sai ranar kasuwa.

Da bazara Inna ta faɗi. Ta sunkuya za ta ɗauki buta, shi ke nan, ɓarin jikinta na dama ya tafi, baki ya karkace. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce hawan jini. Ko mene ne, ni ya faɗo wa. 'Yarta guda ɗaya, Yaya Hansatu, tana aure a cikin Birnin Kudu gidan wani ma'aikaci, ta zo ta yi kuka ta koma. Malam, mijina, namiji ne, ba zai wanke uwarsa ba. Saura ni, da goyon 'yata Ladi a baya.

A cikin wannan ne ƙyanda ta shigo Wurno. Malam ya ce yaron nan yana ta shiga ƙafafun mutane, ga ciwo a gari, a kai shi gidanmu Farin Dutse har abin ya lafa. Ƙanena Sale ya zo da keke ya ɗauke shi. A lokacin ya fara famfara, haƙoransa biyu na gaba sun fita, in ya yi magana sai iska ta bi ta wurin. An ɗora shi a bayan keke ya waiwayo ya ce, "Adda, na tafi." Ina tsugune ina matse zanen Inna, ga Malam tsaye, ga maƙwabta. Ban ɗaga kai ba, haka aka koya mini. Na ce, "To."

Ashe ƙyandar ta riga shi isa can. Ba a daɗe ba Sale ya dawo shi kaɗai, bai ko shigo gida ba, ya aika aka kira Malam gindin ɗorawa. Da Malam ya shigo sai ya ja ni bayan rumbu, ya yi ƙasa da murya ya ce, "Dije, yaron nan Allah ya karɓi abinsa. Tun jiya aka kai shi. Kada ki yi kuka, Inna za ta ji."

Magana uku a numfashi ɗaya. Ɗana ya mutu, an binne shi ban gan shi ba, kuma in yi shiru. Kafin in gane a wace duniya nake, na ji Inna tana buga ƙoƙo a ƙasa, alamar ta ɓata shimfiɗa ke nan. Na je na gyara ta.

Washegari Yaya Hansatu ta zo ta yanke hukunci. Ba za a gaya wa Inna ba, in ta ji ita ma tafiya za ta yi, wanda ya gaya mata shi ya kashe ta. Saboda haka babu zaman makoki a gidan. Maza suka yi wa Malam gaisuwa a zaure da raɗa. Matan da suka shigo sai su matse mini hannu su ce da ƙarfi, "Ya jikin Inna?" Wata tsohuwa ta ga idona ya kawo ruwa ta ja ni gefe ta ce, "Haba 'yar nan, ɗan fari ne fa. Ko an yi zaman ma ai ba ke za a yi wa gaisuwa ba. Kuma hawayen uwa ƙona yaro yake a kabari." Har yau in na tuna matar nan sai in nemi tsari, don abin da ke zuwa bakina ba addu'a ba ce.

Ruwa ya yi jinkiri a shekarar. Duwatsun ƙasarmu suka ɗauki zafi, da rana ba ka iya dafa su, iska in ta biyo ta kansu kamar daga bakin murhu ta fito. Da aka samu yayyafi na farko kowa ya fita shuka, tsiro ya leƙo, rana ta ƙone shi. Aka sake shuka da hatsin da ya kamata mu ci. Wannan ya kama, aka yi noman farko, har aka yi mana gayya saboda Malam shi kaɗai ne a gonarsa. Mutanen kirki, sun yi aikin wuni a kan farau-farau, don furar da za a ba su babu ita. Gero ya tashi ya fara fitar da kai, mutane suka fara murmushi, sai sama ta rufe bakinta. Hadari ya haɗu baƙi ƙirin ta gabas, a kwashe shanya, a fito da tukwane, iska ta zo ta watsa shi. Aka fita roƙon ruwa har da yara da dabbobi. Aka dawo da ƙura a ƙafa.

Da shanu suka fara kwanciya ba sa tashi, Malam ya haɗa sauran da na 'yan uwansa suka yi kudu neman ciyawa. Ya ce mini, "Ga Inna nan, amana." Ni wa aka bar wa amanata?

Ga yadda yini yake. Da asuba kafin in yi salla sai in juya ta, don in ta daɗe a gefe ɗaya fatar bayanta saɓulewa take. In cire zanen da ta ɓata, in wanke ta da ruwan ɗumi, in shafa mata man shanu in akwai, in babu man gyaɗa, daga baya duk suka ƙare. Inna ba ƙaramar mace ba ce, ciwo bai rage mata ƙashi ba. In zan zaunar da ita sai in shiga bayanta in rungumo ta, Ladi na bayana tana tsala kuka, mu uku a manne kamar an ɗaure dami. Sai rijiya. Ruwa ya yi ƙasa, igiya ba ta kai ba sai an ƙulla mata tsumma, guga ya fito da rabin laka, ga layin mata kowa da bakinta. Tulu ɗaya na sha da girki, sauran duk na wankin Inna ne. Sabulu ya zama labari, da toka nake wanki har tafin hannuna ya tsattsage. Daga nan in shiga jeji neman tafasa da yaɗiya, in haɗa da ɗan tsaki ko dusa, abin da aka samu dai a kira shi abinci. In Tabawa maƙwabciyata ta samu sarari sai ta shigo ta kama mini Inna mu fito da ita inuwa. Ita kaɗai ce ba ta taɓa ce mini in yi haƙuri ba, shi ya sa har ta mutu nake ƙaunarta.

Duk wannan da sauƙi. Abin da ba shi da sauƙi shi ne bakin Inna. Bakin nan da ba ya iya cewa "ruwa" sai "uwa", bakin da salati ma yake karyewa a cikinsa, suna ɗaya ne yake fita a cikinsa tar, babu ko gargada.

"Yunusa fa?"

"Yana can, Inna."

"Yaushe?"

"Sai hanya ta yi kyau."

Kullum. Ina goge mata baya, ina ba ta kunu, ina tsefe mata kai. Wani lokaci ta yi ta jera shi ita kaɗai kamar mai jan carbi. Ni da na haife shi ban taɓa ɗanɗana sunan a bakina ba, ga shi ana zuba mini shi a kunne daga safe zuwa dare, kuma aikina in amsa da ƙarya fuska a sake.

Sai kuma na lura tururuwa ta addabi shimfiɗarta. Na ɗaga tabarma na tarar da lomomin tuwo a jere, wasu sun bushe, wasu sun yi fumfuna. Ashe in na ba ta abinci na juya baya sai ta sa hannun hagu ta ɓoye rabi. Na ce, "Inna, mene ne wannan?" Ta ce, "Nasa." A shekarar da nake tauna ganye don nono ya kawo, tuwon da na hana cikina na ba ta, shi take tara wa wanda ke ƙarƙashin ƙasa. Na kwashe na watsa wa kaji. Washegari na tarar da wani.

Kukan da aka hana ni bai tafi ko'ina ba, faɗa ya koma. Na yi faɗa a bakin rijiya da matar da ba ta yi mini komai ba. Na jefi akuya da muciya. In ina juya Inna hannuna ya yi nauyi, ita ma ta sani, sai ta bi ni da idon nan nata guda mai lafiya. Na ji haushin Malam da ya tafi, na ji haushin iyayena da suka binne ɗana ba su aiko ba, wai don kada su ɗaga mini hankali ina jinya. Na ji haushin duk wanda ya fara ƙirƙiro wannan kunya, ko waye shi, ko a wane zamani ya yi.

Yaya Hansatu takan zo jefi-jefi a motar kasuwa, da mayafi mai ƙamshi da burodi a ƙunshe. Ta zauna a bakin gado nesa da tabarma, ta gutsura wa Inna burodi, ta ce, "Inna, jiya na ga mutumin Farin Dutse, ya ce mijinki ya yi ƙiba, har ya fara bin shanu." Ƙarya ba ta yi mata wuya ko kaɗan. In za ta tafi sai ta tsaya a zaure ta ce, "Dije, sannu da ƙoƙari. Ladanki yana wurin Allah. Ki dai ci gaba da kame bakinki."

Ran nan na ce, "Yaya, ladan nan ba ki so a raba da ke? Ki kwana biyu mana ki ɗiba."

Ta ce, "Au, abin ya zama gori? Uwar mijinki ce fa."

Na ce, "Ke kuma uwarki ce."

Ta gyara mayafi ta fita. Motar ba ta jira, in ji ta.

Azumi ya kama daidai lokacin da ya kamata a ce ana girbi. Girbin me? Zangarniya tsaye babu ƙwaya, ka murza ta a hannu sai ƙaiƙayi. Tabawa ta ce mai shayarwa an ɗauke mata, in sha in rama daga baya. Na ce in sha me? Da azumi da babu azumi cikin ɗaya ne, gara in yi niyya. Da rana harshena ya manne a dasashi, in zauna ina ɗura wa Inna kunu, ƙamshin tsamiya yana dukan hancina, in ya zubo ta karkataccen gefen bakin in share da yatsa in goge a zane. Ladi ta ja nono ta saki ta yi kuka, ta sake ja.

Da salla ta matso sai Inna ta ji yara a waje suna zancen ɗinki. Ta kira ni da ƙoƙonta ta ce, "Salla. A kawo shi."

Na ce, "Inna, hanya."

Ta ce, "A kawo." Ta rufe bakinta. Daga ranar ta daina cin abinci.

Na ɗauka rigimar tsufa ce, yunwa za ta sauko da ita. Ba ta sauko ba. Leɓenta ya bushe ya fashe, ido ya faɗa. Na aika wa Yaya Hansatu, aka ce ta tafi Kano sayayyar salla. Malam ba wanda ya san inda yake. Na ga dai tsohuwar nan za ta mutu a hannuna, a ce ni na bar ta da yunwa. Akwai ɗan geron da na ƙulle a tsumma na rataye a rufin ɗaki, iri ne na baɗi, na yi rantsuwa ba zan taɓa shi ba. Na sauko da shi. Na surfa, na niƙa a dutse, na dama kunu mai kyau irin wanda rabonmu da shi tun kafin damina. La'asar ta yi, rana ta karkata amma zafinta na nan. Na shiga bayan Inna na jingina ta a ƙirjina, na kai ludayi bakinta.

"Inna, don Allah. Na gero ne."

Ta datse haƙora.

"Don darajar iyayenki, ko kurɓi ɗaya."

"Yunusa."

"Yana can, Inna, na ce miki yana can."

Ta ɗaga hannun hagun nan ta kaɗe ƙwaryar. Kunu ya bi zanena ya sauka ƙasa, ƙasa ta shanye shi ina kallo, kaji suka shigo da gudu.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. "Yunusa ya rasu, Inna! Ya rasu tun bazara! Ƙyanda ta kashe shi a Farin Dutse ina nan ina wanke miki zane! Ban gan shi ba, ban taɓa shi ba, ko kabarinsa ban sani ba! Nawa ne, ni na haife shi! Ki ci ko kada ki ci, ba mai kawo miki shi!"

Na ga Tabawa a bakin ƙofa hannu a baki, ban sani ba ko labarin ne ya firgita ta ko sunan da ta ji a bakina. Ni ma sai a lokacin na ji abin da na faɗa. Tun ranar da aka raɗa masa shi nake riƙe da sunan nan a ƙarƙashin harshe, ranar da ya fito kuma da "ya rasu" ya fito a bayansa.

Ina bayanta, ba na ganin fuskarta. Na dai ji ƙirjinta yana hawa yana sauka a kan hannuna, ina jiran ya tsaya, in zama wadda ta kashe uwar mijinta. Bari in faɗa tun yanzu saboda masu hukunci: bai tsaya ba. Sai da Inna ta ƙara damina uku a hannuna, tana ci tana sha tana faɗa. Duk shirun da aka ɗora mini, duk ƙaryar da na yi da azumi a bakina, ban san wa aka yi wa ba.

Wani ruwa mai ɗumi ya ɗigo a bayan hannuna. Can sai ta yi magana, a hankali, tana jan kowace kalma.

"Ashe... kin san sunan."

Ta lalubo yatsuna da hannunta mai lafiya ta damƙe, da ƙarfin da ban san tana da shi ba.

"Sake," in ji ta. "Ban da... na ƙarshen."

Na dubi Tabawa. Ta sauke labule ta juya mana baya, ta tsaya a ƙofar kamar mai gadi.

Na kira shi. Da farko a hankali, kamar mai taɓa ruwan zafi. Sannan na kira shi yadda na sha jin Inna tana yi daga bakin zaure in an sauke tuwo, da jan ƙarshen nan mai tsawo. Na kira, na sake kira, Inna tana girgiza a ƙirjina, har maƙogwaron da bai ga ruwa ba tun asuba ya daina ba da sauti. Ashe sunan daɗi gare shi a baki, ba wanda ya taɓa gaya mini.

Yaro ne mai amsa kira tun kafin a rufe baki. Duk gidan nan kowa ya gwada ya gani, ban da ni.